Shaihu Muhammadu Al-Katsinawi, Malamin Lissafi Daga Ƙasarmu

Ina godiya ga Edita da ya ba ni wannan fili domin in kawo muku tarihin wani bawan Allah, wanda ya kamata a ce kowane ɗan makaranta a ƙasar nan ya san sunansa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa jin labarinsa. Sunansa Shaihu Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi. Larabawa kuwa, da yake Kashna suke ce wa Katsina, sai suka riƙa kiransa al-Kashnawi. Ya rasu a birnin Alƙahira na ƙasar Masar a shekara ta 1154 bayan Hijira, watau 1741, amma har gobe masana tarihin lissafi suna ambatonsa.

Ga dalilin da ya sa na zaɓe shi. Mu duka mun san yadda fuskoki kan canja a aji idan aka kaɗa ƙararrawar darasin lissafi. Wani ya ce lissafi abin Turawa ne, wani ya ce kanmu bai dace da shi ba, wani ma tun daga aji ɗaya ya yanke wa kansa hukunci cewa shi da lissafi sai dai a Lahira. Ga shi kuwa a jami'o'in zamanin nan babu fannin da lissafi da kwamfuta ba su shiga ba. Mai binciken cututtuka da su yake aiki, haka mai binciken noma, da mai hasashen damina, har da mai nazarin harshe. Saboda haka yaron da ya guje wa lissafi ya rufe wa kansa ƙofofi masu yawa da hannunsa. Ina so in nuna muku cewa wannan ilmi da muke gudu yana cikin gadonmu, kuma ɗan ƙasarmu ya taɓa shahara a kansa har a Masar.

Ƙasar da ya tashi

An haifi Shaihu Muhammadu a ƙasar Katsina, kuma a cikin jerin sunayensa akan danganta shi da wani gari mai suna Ɗan Ranko. A wancan zamani Katsina babbar cibiya ce ta ciniki da karatu. Ayarin raƙuma kan zo mata daga Arewa ta hanyar Agadas, kuma tare da gishiri da tufafi sukan kawo takarda da littattafai. A nan hasumiyar Gobarau take, a nan kuma manyan malamai irin su Wali Ɗan Marna da Wali Ɗan Masani suka zauna. Shi Ɗan Masani ya rasu a shekara ta 1667, watau ya rigayi Shaihu Muhammadu da ɗan lokaci, amma hasken da suka bari bai dushe ba.

Kada wani ya ce ai wannan labarin Katsinawa ne, mu Zamfarawa ina ruwanmu? A wancan lokaci yankinmu na Tsafe da Gusau yana cikin ƙasar da ake kira Katsina Laka. Tsohon garin 'Yandoto da ke kusa da Tsafe ya yi suna ƙwarai wajen malamai da almajirai, har tarihin baka ya nuna daga nan Muhammadu Korau ya fito kafin ya zama Sarkin Katsina. Alamar wannan dangantaka tana nan a cikin sarautunmu. Sarkin Gusau ana ce masa Sarkin Katsinan Gusau, na Tsafe kuwa 'Yandoton Tsafe. Ke nan ƙasar da ta haifi Shaihu Muhammadu da ƙasar da ta haife mu, uwa ɗaya ce.

Malamansa da karatunsa

Mafi yawan abin da aka sani game da rayuwarsa ya zo ne ta hannun mashahurin masanin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti, a cikin littafinsa Aja'ibul Asar. Ya lissafa malaman da suka karantar da shi tun yana gida. Akwai Shaihu Muhammadu ɗan Sulaimanu al-Wali, mutumin Barno da Bagarmi, da Shaihu Muhammadu Bindu, da Shaihu Hashimu, da kuma Shaihu Muhammadu Fodu.

Wajen shekara huɗu ya yi tare da Shaihu Muhammadu Fodu, ko ana gida ko ana kan tafiya, yana karatun nahawu da sarfu da adabin Larabci. Ya haddace Maƙamat, har malamin ya riƙa yi masa laƙabi da ma'abucin Maƙamat. Da ya ƙara zurfi a nahawu sai malamin ya canja masa laƙabi, ya riƙa kiransa Sibawaihi, watau sunan shugaban malaman nahawu na Basra. A wajen Shaihu Muhammadu Bindu kuwa ya koyi hisabi, da ilmin sanin lokatai, da ilmin haruffa, da ilmin aufaƙi, wanda mu muka fi sani da sunan hatimi.

A lura da abu guda a nan. Mutumin da ya zama gwanin lissafi, shi ne kuma gwanin harshe. Mutanen da ba su raba ilmi gida biyu ba, su ce wannan ɗan adabi ne, wancan ɗan kimiyya ne, kowa ya tsaya a nasa ɓangare. Kuma lissafi bai zame musu abin ado ba, da shi suke aikin yau da kullum. Alƙali ba ya iya rabon gado sai ya san rabi da rubu'i da sumuni da sudusi. Ladan yana bukatar sanin tsawon inuwa kafin ya kira Azahar ko La'asar. Mai gina masallaci yana bukatar sanin alƙibla. Manomi kuma yakan tambayi malami ko wane tauraro ake ciki kafin ya yi shuka. Malaman sun kasa shekara zuwa taurari 28, kowanne yana da kwana 13, in ban da guda ɗaya mai kwana 14. Duk wanda ya ninka 27 sau 13 ya ƙara 14 zai sami 365 daidai. Har yanzu akwai dattawa a ƙauyukan Bungudu da Tsafe da ke riƙe da wannan ƙidaya a ka.

Tafiya Gabas

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi. Bayan ya ƙoshi da abin da ke gida, sai Shaihu Muhammadu ya ɗaura aniyar aikin Hajji. Mu tuna a lokacin babu jirgin sama, babu mota. Mahajjaci daga ƙasar Hausa ko dai ya ratsa Sahara ta Fezzan zuwa Masar, ko ya nufi gabas ta Barno da Wadai da Darfur har ya kai kogin Nilu. Tafiyar kan ci shekara da shekaru, kuma da yawa ba sa dawowa. Ya yi aikin Hajji a shekara ta 1142 bayan Hijira, watau 1730, sa'an nan ya zauna a Makka na wani lokaci yana karatu yana rubutu.

Daga can ya wuce Alƙahira, garin Jami'ar Azhar. A nan ya haɗu da Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin wancan masanin tarihi da na ambata. Shi Shaihu Hasan babban malamin fiƙihu ne, amma ya yi suna har wa yau wajen ilmin falaki da lissafi da sanin ma'aunai. Irin wannan mutum ba zai ɓata lokacinsa da wanda ba shi da kome a ƙirji ba. Duk da haka ya karɓi wannan baƙo daga ƙasar Hausa, ya girmama shi, amana ta shiga tsakaninsu har mutuwa ta raba.

Littattafansa

Ya rubuta littattafai da dama da Larabci. A nahawu akwai Bulugul Arab. A ilmin manɗiƙi, watau ƙa'idojin tunani da kafa hujja, ya tsara Minahul Ƙuddus, sa'an nan ya yi masa sharhi da kansa. A ilmin taurari ya rubuta Durrul Manzum, wanda ya fara a Makka ya kammala a Alƙahira cikin watan Rajab na shekara ta 1146 bayan Hijira. A ilmin haruffa da hatimi kuwa ya rubuta Bahjatul Afaƙ.

Dole in faɗi gaskiya a nan. A cikin waɗannan littattafai na ƙarshe lissafi yana cuɗe da maganar asirai da ɗalasimai da tasirin taurari, kamar yadda aka saba a ƙasashe da yawa a wancan zamani, har da ƙasashen Turai. Malamanmu na addini sun yi gargaɗi mai ƙarfi game da duba da camfi, kuma wannan hukunci nasu ne, ni ɗalibi ba ni da ta cewa. Abin da ya dame ni a wannan rubutu shi ne ɓangaren da kowa zai iya gwadawa da alƙalami da takarda, ya ga ko gaskiya ne ko ƙarya. Wannan ɓangare shi ne lissafin da ke cikin hatimi.

Mene ne hatimi?

Duk wanda ya taɓa zama kusa da malamin zaure ya ga hatimi a kan allo ko a takarda. Wani zane ne mai kusurwa huɗu da aka kasa gida-gida, a kowane gida an sa harafi ko lamba. Haruffan ma lambobi ne, domin a hisabi alif 1 ne, ba 2, jim 3, dal 4, haka har zuwa dubu. Da wannan hisabi ne marubuta waƙoƙinmu na ajami kan ɓoye shekarar da suka yi waƙa a cikin kalma guda, abin da ake kira ramzi.

Hikimar hatimi ita ce, ko ta ina ka tara lambobin, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, jimla ɗaya za ka samu. Ga mafi ƙanƙanta, mai gida tara:

8 1 6
3 5 7
4 9 2

Tara kowane layi ka gani, 15 za ka samu. Mutanen Sin sun san wannan tun zamanin da, malaman Basra da ake kira Ikhwanus Safa kuma sun rubuta shi a ƙarni na 10. Saboda haka ba Shaihu Muhammadu ne ya ƙago hatimi ba. Aikin da ya yi shi ne tattara hanyoyin gina shi da bayyana su dalla-dalla, musamman hatimin da yawan gidajen layinsa mara ne, watau 3 ko 5 ko 7 ko 9, har abin da ya yi sama.

Ga ƙa'idar irin wannan hatimi. Ka ninka yawan gidajen layi ɗaya da kansa, ka ƙara 1, ka raba biyu. Abin da ya fito shi ne lambar da ke tsakiyar jerin lambobinka. In ka ninka ta da yawan gidajen layi, ka sami jimlar kowane layi. Misali, a hatimi mai gida uku a layi, 3 sau 3 tara ne, a ƙara 1 ya zama 10, rabinsa 5, sa'an nan 5 sau 3 ya ba da 15. A mai gida biyar, lambar tsakiya 13 ce, jimla kuwa 65. A mai gida bakwai, 25 ce, jimla 175.

Bari in koya muku wata hanya mai sauƙi daga cikin hanyoyin da masu wannan fanni suka sani, domin gani ya kori ji. Ka sa 1 a gidan tsakiya na layin sama. Daga nan kullum ka hau sama gida ɗaya, ka matsa dama gida ɗaya, ka sa lamba ta gaba. In ka fita ta sama, sai ka dawo ta ƙasan wannan layi. In ka fita ta dama, sai ka shigo ta hagu. In kuwa ka tarar da gidan da mai shi, sai ka sauka gidan da ke ƙarƙashin lambar da ka rubuta ta ƙarshe, ka ci gaba. Da wannan hanya aka gina wancan hatimi na sama. Ku gwada ta a mai gida 25, za ku ga kowane layi ya ba da 65, ko da kuwa ba ku yi wani dogon tunani ba.

Daga hatimi zuwa kwamfuta

To, a nan ne maganar ta haɗu da zamaninmu. Abin da muka yi yanzu shi ne bin umarni mataki-mataki: yi kaza, in kaza ya faru yi kaza, ka maimaita har ka gama. Irin wannan jerin umarni shi ne abincin kwamfuta. Ita ba ta da wayo ko kaɗan, umarni kawai take bi, sai dai tana da sauri kuma ba ta gajiya. Sunan da masana suka ba irin wannan jerin umarni, watau algoridim, ya samo asali ne daga sunan al-Khawarizmi, malamin lissafi na Bagadaza a ƙarni na 9. Duk malamin da ya zauna ya tsara hanyar da ɗalibi zai bi ya cika hatimi kowane iri ba tare da lalube ba, aikin da ya yi ɗan'uwan aikin mai tsara wa kwamfuta umarni ne.

Hatimi mai gida tara iri ɗaya ne tak, sai dai a juya shi ko a kifa shi ya ba da fuska takwas. Mai gida 16 yana da iri 880, kuma wani Bafaranshe mai suna Frénicle de Bessy ne ya ƙidaya su da hannu, aka buga aikinsa a 1693. Amma mai gida 25 ya gagari hannu. Sai a shekara ta 1973 wani Ba'amurke mai suna Richard Schroeppel ya sa kwamfuta ta ƙidaya, aka sami iri 275,305,224. Dubi yadda tambayar da ta fara a kan allo ta ƙare a cikin na'ura.

Wani zai ce, to mene ne amfanin wannan wasa ga talaka? Ga amsa. A shekara ta 1782 aka buga wani nazari na Leonhard Euler, babban masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, a kan wani sabon nau'in hatimi, wanda kowace alama ke fitowa sau ɗaya tak a kowane layi na kwance da na tsaye. Shi da Shaihu Muhammadu kowa ya yi aikinsa a tasa ƙasa da nasa harshe, amma rijiya ɗaya suke ɗiba. A shekarun 1920 sai wani Bature mai suna Ronald Fisher, wanda ke aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, ya ɗauki wannan tsari ya kai shi gona.

Ga yadda abin yake. A ce manomi a Bungudu yana da irin dawa kala biyar, yana so ya san wanne ya fi albarka. Gonarsa kuwa gefe ɗaya jigawa ne, gefe ɗaya ya gangara fadama. In ya shuka kowane iri a gefe guda, ba zai san ko irin ne ya yi kyau ko ƙasar ce ta taimake shi ba. Amma in ya kasa gonar gida 25, ya shuka kowane iri sau ɗaya a kowane layi na kwance da na tsaye, to kowane iri ya ɗanɗana jigawa ya ɗanɗana fadama, an yi musu adalci. Da ire-iren wannan tsari ne masu binciken noma ke gwada iri da taki, irin aikin da ake yi a Samaru ta Zariya. Likitoci ma kan bi irin wannan hanya wajen gwada magunguna. Ashe abin da muke ɗauka wasan lambobi ne yana da hannu a cikin tuwon da muke ci.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Shaihu Muhammadu bai sake ganin Katsina ba. Ajali ya same shi a gidan amininsa Shaihu Hasan al-Jabarti a shekara ta 1741, bayan ya ba shi wasiccin dukiyarsa da littattafansa. Shaihu Hasan ya binne shi a maƙabartar Mujawirin, a sashen da ake kira Bustanul Ulama, watau lambun malamai. Wannan ya faru shekara 13 kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Shi kansa Abdurrahman al-Jabarti ba a haife shi ba tukuna a lokacin. Ya tashi ne a gidan da aka adana littattafan baƙon mahaifinsa, ya kuma rubuta tarihinsa a cikin jerin manyan malaman Masar.

A zamanin baya-bayan nan an sake waiwayar aikinsa. A 1967 Malam Hassan Gwarzo ya buga nazari a Ibadan a kan yadda Shaihun ya bayyana ilmin ramzi. A 1973 wata malamar lissafi Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta fitar da littafinta Africa Counts, inda ta yi bayanin hanyoyinsa na gina hatimi, daga wani rubutun hannu na 1732 da ke ajiye a ɗakin karatu na makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. Ta haka ɗalibai a ƙasashe masu nisa suka san sunansa, alhali mu da ke maƙwabtaka da mahaifarsa ba mu sani ba.

Abin da ya rage gare mu

A ganina darasi biyu ne a cikin wannan tarihi. Na farko, sunan wannan malami ya wanzu ne saboda ya rubuta abin da ya sani, kuma ya sami wanda ya adana masa. A garuruwanmu akwai gidajen malamai da ke da tsofaffin littattafai a cikin gafaka da adaka, gara tana ci, ɗigon damina yana lalatawa. Duk wanda kakansa ya bar irin waɗannan, ya dube su da idon rahama. Akwai wuraren da aikinsu ke nan, kamar Gidan Arewa a Kaduna da ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, kuma yanzu ana iya ɗaukar hoton kowane shafi a ajiye a kwamfuta ba tare da littafin ya bar hannun masu shi ba.

Na biyu, mu ba mu da uzurin da za mu kawo. Shi sai da ya ratsa daji da hamada kafin ya kai inda zai ƙaro ilmi. Mu kuwa Jami'ar Ahmadu Bello tana Zariya tun 1962, ta Sakkwato tun 1975, ga kuma Jami'ar Tarayya a nan Gusau tun 2013. Abin da ake bukata daga gare mu shi ne mu zauna da darasin lissafi kamar yadda ya zauna gaban Shaihu Muhammadu Bindu, mu yi kuskure mu goge mu sake, har hanya ta buɗe. Kyan ɗa ya gaji ubansa.

Ina roƙon kowane mai karatu, kafin ya ajiye wannan mujalla, ya ɗauki takarda ya gina hatimi mai gida 25, ya tara layukansa da kansa. In ya sami 65 ta kowace fuska, to ya san kansa bai ƙi lissafi ba.

Nan zan dasa aya. Allah ya jiƙan Shaihu Muhammadu al-Katsinawi da malamansa, ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu fi su himma. Amin.